Idda Tana Nan

Yayata ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ta kai ni makaranta, kuma ita ta tsaya tsayin daka lokacin da dangi suka ga ya fi kyau a cire ni a mayar da ni gonar riɗi. Na yi karatu, na yi aikin magatakarda a ofishin kasuwar amfanin gona ta Gadarif har na yi ritaya, amma duk tsawon wannan lokaci mutanen unguwarmu ba su san ni da komai ba sai ƙanen mai idda. Ban taɓa jin haushin hakan ba, domin a gaskiya matsayinta ya fi nawa amfani ga jama'a.

Idda, a Larabcin da muke gauraya Hausarmu da shi, ita ce kayan girki da na cin abinci. Yaya tana da ɗaki guda na ciyawa a ƙarshen gidanta wanda babu mai kwana a cikinsa sai waɗannan kaya: manyan tukwane da ake dafa wa taro a ciki, faffaɗan tire da muke kira siniya, kwanonin miya, kofunan shayi, finjalan gahawa, ludaya da butoci. Ba a rana ɗaya ta tara su ba. Duk shekarar da mijinta ya sayar da riɗi da daraja, sai ta karɓi rabonta ta ƙara wani abu. Biki ko suna ko zaman makoki, duk wanda ya faɗo wa wani gida a unguwar, daga ɗakin nan kayan ke fita.

Ba ta karɓar haya, amma tana da ƙa'ida. Ba a aiko mata da yara. Uwar gida da kanta za ta zo, ta zauna a ƙarƙashin rumfa, a soya gahawa a daka a gabanta, ta faɗi abin da ke tafe da ita, da wanda za a aura, da dalilin da ya sa aka fasa wancan na farko. Idan an dawo da kaya kuma, a wanke suke dawowa, da ɗan dabino ko sukari a cikin tukunya ɗaya. Ta wannan hanya Yaya ta san wadda ke da ciki kafin a ga cikin, ta san gidan da ba a hura wuta ba, kuma ta sha sulhunta matan da ba sa ga maciji don kawai sun haɗu a rumfarta suna neman tukunya ɗaya. 'Yarta guda ce, tana aure a garin Hawata. Unguwar ce ta cike mata sauran gurbin.

Kantin da nake son in yi magana a kansa an buɗe shi a bakin kasuwa, kusa da inda motocin unguwanni suke juyawa. Yana da lasifika a ƙofa da ke maimaita magana ɗaya tun safe har magariba: ayyi haja, farashi ɗaya. Wato kowane abu. Ranar da na fara shiga, na shiga ne da niyyar in ga aibinsa, kuma na gani. Robar butocin ta yi sirantakar da ake ganin inuwar yatsa ta cikinta. Kofin gilashi yana tsagewa idan shayin ya cika zafi. Abin da ya lalace ba a mayarwa, an rubuta haka a bango. Mutum zai shiga neman cokali ya fito da madubi da furen roba da agogon da ba zai ga sabon wata ba. Na ce wa saurayin da ke da kantin wannan kaya ba za su yi ƙarko ba, ya yi murmushi ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, “Ya ammi, ai shi ya sa za ka dawo.”

Sai dai ni mutum ne da ya yi rayuwarsa yana rubuta abin da ma'auni ya nuna, ba abin da mai kaya yake so ya nuna ba, don haka wajibi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. Lokacin da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Madani suka cika makarantu da gidajen dangi, da yawansu da kayan jikinsu kawai suka iso. A kantin nan na ga wata mata, daga maganarta ka san malamar makaranta ce, tana zaɓar kofuna biyu da tukunya ƙarama da buta, tana juya su a hannu kamar mai sayen zinariya. Babu wata kasuwa a garin da za ta ba ta damar kafa madafa da abin da ke cikin ƙullin mayafinta. Haka kuma wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai ta taɓa ce mini, ba tare da ta yi nufin cin mutunci ba, aron kaya bai taɓa zama kyauta ba, domin da sirrin gidanka kake biya. Ta ce gara mata siniyar da za ta lanƙwashe, wadda take tata. Na ji zafin maganar saboda Yaya, amma ban iya ƙaryata ta ba. Ni kaina, da fanshon da ba ya zuwa a kan kari, a can nake sayen fitila da reza.

A shekarar farko kantin bai taɓa Yaya sosai ba. Ƙananan gidaje sun sayi kofunansu, amma babban taro sai da manyan tukwane, kuma mutane sun saba da hanyar gidanta.

Mijinta ya rasu a ƙarshen damina, lokacin da dawa ta fara fitar da kai. Yaya ta shiga takaba. Ta sa fararen kaya, ta sauka daga gado ta koma tabarma, ba ta fita ko ƙofar gida. Wannan zama shi ne malamai suke kira idda, kuma haka mafi yawanmu muke kiransa idan muka juya harshe zuwa Larabci ko muka so mu yi magana ta ilimi. Kalma ɗaya ce da ta kwanoni, a furuci da komai. Mun rayu da ita haka tun kakanninmu, ba mu taɓa tuntuɓe a kanta ba, domin wurin magana yakan nuna wadda ake nufi.

Makonnin farko gidan a cike yake da masu gaisuwa. Daga baya yankan riɗi ya kama, kowa ya nufi gona, 'yarta ta koma Hawata wurin yaranta. Ni ne nake zuwa kullum da hantsi in zauna a bakin ƙofar ɗaki. A lokacin ne na lura abu ɗaya ne ke riƙe da hankalinta. Matar tela, wadda gidanta ke kallon nata, za ta aurar da 'yarta ta fari da zarar an gama kaka. Yarinyar nan Yaya ce ta yi mata wankan farko, a bayanta ta yi barci shekarun yarinta. Yaya ta san ba za ta halarci bikin ba, kuma ta yarda da hukuncin Allah a kan haka. Abin da take so shi ne kayanta su je a madadinta, a dafa abincin auren a tukwanenta, a zuba wa dangin ango shayi a kofunanta, kuma uwar amarya ta zo ta zauna ta ba ta labarin komai kamar yadda aka saba.

Ta fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya tana goge su da toka a tsakar gida. Na ce mata ta bari ta huta.

“Hutun me?” in ji ta. “Hutu ne ya ishe ni. Miƙo mini wancan ludayin.”

Kwanaki suka wuce matar tela ba ta zo da maganar ba. Takan leƙo ta yi gaisuwa a tsaye, muryarta ƙasa-ƙasa, ta fita. Yanzu na san kunya ce take ji, ta kasa ambaton biki a ɗakin da ake kuka. Yaya kuwa ta ɗauka nauyinta ake ji, sai ta yi niyyar sauƙaƙa mata.

“Ustaz,” ta ce da ni wata safiya, haka take kirana idan za ta aike ni, “tunda ka sha rawani kamar mai zuwa kotu, tsallaka gidan matar tela. Ka ce mata in ji ni, idda tana nan, kada ta manta.”

“Shi ke nan saƙon?”

“Me kake so in ƙara, hatimi?”

Na tsallaka, na yi sallama, na tsaya a ƙofa domin mai gidan ba ya nan. Ta fito tana goge hannu a gefen zane. Bayan gaisuwa na ce, “Hajja ta ce in gaya miki, idda tana nan, kada ki manta.”

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, “Wallahi ban manta ba, Ustaz. Ta yaya zan manta? Ka ba ta haƙuri. Dangin angon ne suka matsa, mutanen garin Showak ne, sun ce sai dai yanzu da kowa ke da abin hannu. Na roƙe su, sun ƙi.”

“Ita dai cewa ta yi kada ki manta.”

“Na ji. Ka ce mata na ji, kuma in sha Allahu ba za ta ga abin da zai ɓata mata rai daga gidan nan ba.”

Na ɗauka haƙurin jinkiri take bayarwa. Na koma na ce wa Yaya ta ji, kuma ta ce ba ta manta ba. Na sha bin wannan aike a raina daga farko har ƙarshe, ban ga inda na ƙara harafi ko na rage ba. Yaya ta yi murmushin da ban gani a fuskarta ba tun ranar jana'iza, ta sa na taya ta jera kayan a bakin rumfa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta lulluɓe su da tsohon zanen gado saboda kaji.

Ana saura 'yan kwanaki biki na bi ta bakin kasuwa, na ga matar tela da ƙanwarta a ƙofar kantin suna loda kaya a raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Siniyoyi masu ƙyalli ɗaure da igiya, kwalayen kofuna, har da manyan tukwane na farin ƙarfe marasa nauyi da kantin ya fara kawowa a wannan kakar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga butulci ƙarara, daga matar da aka yi wa hidimar haihuwa da ta suna da kayan da yanzu take ƙyama. Ban yi mata magana ba, domin ba ɗabi'ata ba ce in tsayar da matar aure a kan titi. Ban kuma gaya wa Yaya ba. Duk safiya sai ta tambaye ni ko na ga alamar motsi a gidan, in ce mata ana ta shiri.

Ranar bikin unguwar ta yi tsit. Babu kiɗa, babu guɗa, babu ko rumfar zane a kan layi. An ɗauke komai an kai gidan gwaggon amarya, can bayan kwarin da ya raba mu da unguwar gabas. Yaya ta yi wanka tun da sassafe, ta zauna inda take iya hango ƙofa. Duk wanda ya taɓa ƙyauren sai ta gyara zama. Mai ruwa ya shigo ya fita. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Bayan la'asar wata mata daga dangin tela ta shigo da siniyar abinci a ka, ta ajiye, ta ce uwar amarya na gaisuwa, ta fita da sauri kamar mai gudun a tsayar da ita.

Siniyar sabuwa ce, takardar kantin tana manne a gefenta. Yaya ta ɗaga murfin, ta ci loma biyu, ta ce gishirin ya yi daidai. Sannan ta sa yatsa ta danna bakin siniyar, ƙarfen ya lotsa ya dawo. Ta ce in kira mai ruwa idan ya dawo ya taya ni mayar da kaya ɗaki kafin raɓa ta sauka. Na so ta yi faɗa, ko ta yi kuka, in samu abin da zan rarrasa. Ta koma tabarmarta ta ɗauki carbi.

Sai da ta fita takaba gaskiyar ta bayyana. Matar tela ta zo yi mata barka da fita, ina zaune, ta durƙusa tana neman gafara. Ta ce ta san ta yi laifi da ta yi biki maƙwabciyarta na cikin idda, amma ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta hana makaɗa, ta kai taron nesa don kada ko guɗa ɗaya ta shigo gidan nan.

Yaya ta dube ta. “Wace iddar?”

“Wadda kika aiko Ustaz ya tuna mini. Ya tsaya mini a ƙofa da rawaninsa kamar mai karɓar haraji, ya ce idda tana nan, kada in manta. Wallahi Hajja ranar ko abinci ban ci ba.”

“Ke 'yar nan,” in ji Yaya a hankali, “kwanoni nake nufi.”

Matar tela ta buɗe baki ta kasa rufewa. Yaya ce ta fara dariya, ita ma ta kama, har suka riƙe juna. Yaya tana nuna ni tana cewa da ta aiki akuya da ta fi ni iya bayani, domin akuya ko ba komai za ta leƙa cikin tukunya. Na yi dariyar tare da su. Ban san lokacin da dariyar ta juye kuka ba, sai na ga dukansu biyu suna share ido da bakin mayafi.

“To me ya hana ki zuwa ki tambaye ni?” in ji Yaya. “Ko zagina kika zo kika yi, ai da mun gane.”

“Na so in zo. Kullum sai in ce gobe. Sai ƙanwata ta ce ga kanti nan, me zai kai ki ki ƙara mata ciwo da maganar tukwane.”

A nan ne ƙarata take, kuma ba a kan matar tela take ba. Irin wannan kuskure ba sabo ba ne a tsakanin maƙwabta. An sha yin rashin fahimta a unguwarmu da ya fi wannan muni. Amma a da, mace mai aurar da 'ya ba ta da wata hanya sai ta bi ta rumfar Yaya. Ko tana jin kunya, ko tana jin haushi, dole ta taka ta zo, domin ba a dafa wa baƙin Showak abinci a tafin hannu. Da ta zo, da kafin gahawa ta tafasa an warware maganar, an yi wannan dariyar a kan lokacinta, an yi wa yarinya biki a ƙofar gidan ubanta. Kantin ya ba ta mafita mai sauƙi daga zama mai nauyi, ta kuwa bi ta da kyakkyawar niyya. Mai kantin bai zalunci kowa ba, kuma na tabbata bai san da wanzuwar yayata ba. Wannan ne ya sa fushina ba shi da inda zai sauka, har yau yana nan tare da ni.

Matar tela ta yi rantsuwa cewa ranar sunan jikanta na fari babu cokalin da zai shiga gidanta sai na Yaya. A cikin shekarar da ta biyo baya an yi aure biyu ko uku a unguwar, an yi rasuwa, amma ɗakin ciyawa bai buɗe ba. Kowane gida ya riga ya tara nasa, wanda bai cika ba ya cike daga na kusa da shi, a tsaye, ta kan katanga. Mata suna gaishe da Yaya da girmamawa idan sun haɗu a hanya. Labarin ciki da na baiko kuwa sai ta ji shi bayan kowa ya ji.

Amaryar ta haihu. Matar tela ta cika alkawari, ta zo da kanta, ta zauna, ta sha gahawa, ta ari siniya biyu da babbar tukunya. Yaya ta yi kwana biyu tana murna. Ranar suna ta sa tufafinta masu kyau, na raka ta har ƙofa na wuce wurin maza. Da aka watse na tarar da ita ta riga ni dawowa gida. Ta ce ta ga kayanta a bayan madafa, an jingine su a bango a bushe, yadda suka fita daga hannunta. An riga an dafa komai a na kanti tun asuba.

“Don ta faranta mini ta ara,” in ji ta. “Allah ya saka mata. Yarinyar kirki ce.”

Bayan Sallar layya ta ce mini za ta koma Hawata wurin 'yarta. Na yi ta kawo mata hujjoji a jere kamar mai kare ƙara. Na ce a unguwar nan aka kawo ta amarya, a nan kabarin mijinta yake, asibiti ya fi kusa, sauron bakin kogi ba zai bar ta ba. Na ce idan kaɗaici ne ta dawo gidana, matata ta yarda, an ma share mata ɗaki.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, “Ustaz, a gidanka me zan yi? Matarka ta iya komai. Can akwai na goye, ga wani ciki, uwarsu kuma tana gona. Za su tashe ni da kuka tun ban gama salla ba.”

Na kai ta tasha da akwati ɗaya da ƙullin tufafi. Matar tela ta zo rakiya tana ta kuka, Yaya ce ke ba ta haƙuri. Da motar ta cika, ta leƙo ta taga ta ce in rage shan shayi da yawan sukari, kuma in daina yi wa mutane magana kamar ina karanta musu takarda.

Muna magana ta waya idan layi ya yarda. Muryarta ta yi rauni, kuma 'yarta ta ce mini zazzaɓi ya kwantar da ita sau da dama, ko da yake ita ba ta taɓa faɗa mini ba. Yanzu damina ce, laka ta yanke hanyar Hawata, sai kaka zan iya zuwa in gan ta idan Allah ya kai mu.